Gwaggo Hansai Ba Ta Son Yaro Fes

Duk wanda ya san Gwaggo Hansai, yayar babanmu, ya san ba ta amsa gaisuwar yaro sai ta duba ƙafarsa. In ta gan ta fes, sai ta taɓa goshinsa ta tambayi uwar ko zazzaɓi yake yi. A wurinta, yaro mai lafiya ba ya kai la'asar da tsabta.

Da hantsi takan kora mu waje, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron bayan gida, ta ja layi a ƙasa da sandarta: nan namu, can na kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Ka yi birgima a laka, ka hau bishiya, ba ruwanta. Amma ka taka layin nan, sanda za ta riga muryarta isowa.

Malamin Islamiyya ya taɓa kawo ƙara, wai muna zuwar masa duk taɓo. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Allah gafarta Malam, da me aka halicce mu?" Ya yi dariya ya ce a dai riƙa wanke mana hannu. Hannun kuwa kaɗai take wankewa.

Bayan na yi aure a Kano, ɗana Sadiku ya kai shekara uku ba ya haɗa magana. Yini yake a ɗaki da wayata. A asibiti aka ce kunnensa ƙalau. Na kawo shi garinmu Kura hankalina a tashe. Gwaggo ta karɓe wayar ta tura cikin buhun shinkafa, ta cire masa takalmi, ta miƙa shi ga yaran gida. Na ce zai yi mura, ta ce in ya yi ta san magani.

Mun kwana biyu a haka. Yaran suna gina ƙananan fangali irin na gonar rani da laka, suna ba su ruwa da buta, shi yana binsu shiru. Rannan madatsar ruwan da shi ma ya gina ta ɓalle, sai na ji wata 'yar murya: "Ku tare min! Ruwana zai gudu!"

Na fashe da kuka. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "To da a ɗaki wa zai gaya wa? Bango?"

Yanzu malamansa surutu suke kuka da shi. Ita kuwa ta rasu da daminar bara. Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yalwata miki makwanci, Ya ba ki inuwa mai sanyi a Aljanna.