Batirin da Baba Ya Ara Mana

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Gwaram wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Kakanninmu Fulani ne. Fillancin ya tafi, shanun sun ragu, amma kara tana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba. In yana son ruwa kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi bango ya ce, "Wai ba kowa ne a gidan nan?" In zai yi zancena da ƙanwarsa, wato Goggon da ta raine ni, "waccan" yake cewa. Ƙannena kuwa har kan cinyarsa suke hawa. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Da na haifi 'yata ta fari, gida na koma wanka kamar yadda aka saba. Goggo ta gasa ni da ruwan zafi, ta ɗura mini kunun kanwa har na yi arba'in. Duk zaman nan Baba ko "ya jiki" bai ce mini ba. Jaririyar dai yakan sa a miƙa masa ita zaure, ina jiyo shi yana kiranta amaryarsa, yana mita wai an kawo masa matar da ba ta iya tuwo ba. Ni da na haifo ta kuwa ko oho. Ranar da za a zo ɗaukata na tashi da buri ɗaya: in ji daga bakinsa, ko da kalma guda ce, cewa yana so in riƙa zuwa. In ban ji ba, na ƙudurta a raina sai dai su gan ni da Sallah. Ina da zuciya, kuma na san inda na gado ta.

Maigidana malamin makaranta ne a Birnin Kudu. Ina can ina wanka ya sayo mota daga Kano, 'yar Kwatano mai ruwan toka. In ya kira ni a waya, gaisuwa kaɗan ce, sauran duk labarin mota. Kuma ba injin ne ya fi burge shi ba, ɗan rimot ɗin da ke maƙale da makulli ne. Wai daga nesa zai danna, ta ce ƙyut-ƙyut, fitilu su ƙifta, ƙofofi su kulle kansu. Na ji ƙyut-ƙyut ɗin nan a waya har na haddace.

Da hantsi ya iso, ya sha babbar riga ta sitaci. Ina leƙe ta kan katanga. Ya ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, inda Baba ke zama kusa da turken maruƙa. Ya yi 'yan taku, sannan ya danna ta bayansa ko waiwaye bai yi ba. Ta amsa. Ya jefa makullin cikin babban aljihun gaba, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba kamar ba shi ne ya gama yanga yanzu ba.

A wannan aljihun goro yake. Suruki ba ya zuwa hannu rabbana, kuma maigidana ba ya son a ce ya kawo wa surukai goron da ya yi yaushi. Saboda haka tun da safe ya jiƙa algarara sharkaf, ya naɗe goron a ciki, ya cusa a aljihu. Haka ya yi ta bin gidajen dangi yana durƙuso yana raba goro har aka yi azahar, rimot na kwance a cikin laima yana shan nasa rabon.

Bayan sallah aka fito da kayana da na gara: buhun gero, kwalbar man shanu, daddawa, kuka, kwaryar dawo, har da tsintsiya. Mata suka cika zaure don rakiya. Maigidana ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu yadda kowa zai gani, ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Ya matsa kusa ya danna. Ya ɗora abin a haɓarsa ya danna, wai an ce haka yana ƙara masa ƙarfi. Motar ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba.

Goggo ta ce, "Malam, ko ita ma kunyar surukai take ji ne?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na rufe baki da mayafi na yi tawa, Allah ya yafe mini. Shi kuwa gumi har ya fara jiƙa wuyan rigar. Sai ya yi abin da kowa zai yi, ya zura makullin ƙarfe ya buɗe ƙofar da hannu. Ashe a Kano an sa wa motar jiniyar tsaro, wadda in ba da rimot aka buɗe ba, ɓarawo take ɗaukar mutum. Nan take ta ɓarke da ihu. Zabi suka watse, wani maraƙi ya tsinke igiya ya yi gona, jaririyata ta tsandara kuka a bayana. Ya murɗa makulli don ya tayar da ita, ta ƙi ko tari. Da ƙyar ya buɗe bonet ya cire kan batirin motar, sannan unguwa ta samu lafiya. Baba bai ko motsa ba. Carbinsa yake ja, idonsa na kan maraƙin da ake kora.

Daga nan gyara ya dawo zaure. Maigidana ya zauna a bakin tabarma, ya ari 'yar wuƙar da Goggo ke yanka kuɓewa da ita, ya sa bakinta a tsagar rimot ɗin ya ɓamɓare shi gida biyu. Ciki duk raɓa, har da ɗan ja-ja na ruwan goro a jikin koren allon. Ya shinshina, ya dubi aljihunsa da ya yi jirwaye. Ni ce na tuna da ragowar sifirit da audugar da aka yi wa jaririya jinyar cibiya da su. Na ɗauko, ya goge allon a hankali, ya goge ƙananan ƙarafan da batir ke zama a kansu. Goggo ta karɓa ta jera gutsattsarin a kan faifai, ta kai rana ta ajiye kusa da shanyar kuɓewarta, ta kuma tsaya tana korar kaji.

Inna, mahaifiyata, ta aiko masa da fura. Ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ƙarya yake yi, tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba, amma ina suruki zai buɗe baki ya sha fura Baba na zaune? Na ji tausayinsa ƙwarai, ga yunwa ga kunya.

Da abin ya bushe ya mayar ya haɗa, ya kuma mayar da kan batirin motar. Ya danna, 'yar jar fitilar rimot ɗin ta ɗan yi ƙyalli kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ta ɗauke. Laimar ta tsotse batirin. Ya ciro shi, wani ɗan fari mai faɗi kamar maɓallin riga, ya goga a hannun riga, ya mayar, duk a banza. Aka ce mai gyaran agogon da ke sayar da irinsa ya tafi cin kasuwa wani gari. Ɗayan rimot ɗin kuma yana rataye a ɗakinmu a Birnin Kudu. Maigidana ya fara zancen hawa acaɓa ya je ya dawo, ga la'asar ta kawo kai.

Sai Baba ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Ya fito da 'yar jakar na'urar da yake gwada sukarin jininsa da ita kowace safiya. Ya zauna, ya zame murfin bayanta da farce, ya ciro batir, ya ajiye a kan tabarma tsakaninsa da surukinsa. Maigidana ya kara su biyun, lambar da ke jikinsu iri ɗaya. Ya sa, ya rufe, ya danna.

Ƙyut-ƙyut!

Mata suka rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Ni kuwa gabana ne ya faɗi, don na san likita ya ce kada Baba ya yi wasa da gwajin nan.

Aka loda kaya. Na zo na durƙusa nesa da shi na ce, "Baba, za mu tafi." Ina jiran kalmata. Bai dube ni ba. Goggo ya duba ya ce, "Ki gaya musu aro ne. Kuma ba na son a ba direba saƙo, yarwa suke yi."

Maigidana ya ce, "Gobe-goben nan zan kawo da kaina, Baba."

Baba ya ce, "Kai kana da makaranta. Waccan ta kawo ran Asabar, ta taho mini da amaryata."

Shi ke nan abin da na samu. Na shiga mota raina a ɓace. Muna hanya na ce wa maigidana, ka ji fa, batirinsa ma ya fi ni daraja, shi aka ce a dawo da shi. Ya yi dariya ya ce in bar shi ya ji da yunwarsa. Muka tsaya ya sayi tsire, ya cinye a tsaye.

Duk fushina, makon nan ban samu sukuni ba. Kullum da safe sai in tuna Baba na can bai gwada jininsa ba saboda mu. Na sa aka sayo sabon batir tun washegari, na ƙulle shi a bakin zani don kada ya ɓata. Asabar na yi, maigidana ya kai mu Gwaram.

Da muka isa, Baba ya tafi duba shanu. Na ce wa Goggo ta kai ni in sa batirin da kaina kafin ya dawo. Ta ja ni ɗakinsa tana wani murmushi. Na ɗauko na'urar na danna, sai ga ta ta kawo wuta garau. Goggo ta buɗe wani gwangwanin madara da ke kan taga. Batura ne a ciki, sababbi fil a kwalinsu, irin su ɗaya, ƙanena ya sayo masa tun bara.

Ta ce, "Ko kwanar gidan mai ba ku kai ba ya sa sabo. Da na gwangwani ya ba ku, ai kyauta ce, wa zai dawo da ita? Ke dai ba ki da wayo, 'yar nan."

Na zauna a bakin gadonsa na yi kuka sosai, irin na daɗi, Goggo na yi mini tsiya wai zan jiƙa masa batura kamar yadda mijina ya yi.

Da ya dawo na same shi a zaure, na miƙa masa jikarsa, sannan na kwance bakin zani na ajiye batirin a kan tabarma. Ya ɗauka ya jujjuya, ya kai shi kusa da ido. Sai ya dubi bango ya ce, "Wannan ba irin nawa ba ne. A sake nemowa, a kawo wata Asabar ɗin."

Na ce, "To, Baba."

Yarinyar yanzu tana firamare, motar ma tuni aka sayar da ita da rimot ɗinta. Ni kuwa har yau ban samo irin nasa ba, ina dai ta kaiwa.