Yaya Issufu, mai huda tano

Shekara huɗu ke nan da sanƙarau ya ɗauke yayana Issufu, malamin gona a Bande. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shiru.

Wanda bai san shi ba, ga yadda yake. Duk abin da kamyo, wato babbar motar kayan gwamnati, ya sauke, taki ne ko maganin feshi, kafin a raba sai ya zagaya shi yana tambaya: "To in an gama da shi, sai ina?" In aka ce ruwan sama zai wanke, ya ce, "Ya wanke zuwa ina?" Sai ya bi gangare da ƙafa har ya ga tafkin da ruwan ke kwanciya, da dabbobin da ke sha. Abokan aikinsa suka sa masa Mushe Sai-ina, wato Malam Sai-ina da Faransanci. Har manyansa na Magarya sun gaji da shi, don ya sha tsayar da aiki a kan tambayar nan.

Abin da ya fi ja masa baƙin jini shi ne tano, wato gangar ƙarfen da maganin feshi ke zuwa ciki. Da ta ƙare sai ya sa gatari ya huda gindinta, ya sa a binne. Mata suna kallo kamar su yi kuka, ga rijiya da nisa, ga randa na fashewa. Har Innarmu ta taɓa ce masa, "Kai wane irin ɗa ne? Ɗiyan mutane na kawo wa uwayensu tano, kai kana kashe su." Ya yi dariya ya ce, "Inna, gara ki yi fushi da ni kina da rai." Lokacin ina kwaleji, kuma gaskiya bayan Inna nake.

Bayan rasuwarsa fari masu cin amfanin gona suka yi yawa, magani ya yi ta zuwa, babu mai gatari. Yanzu in ka shiga kasuwar Guci za ka ga tanonin nan jere, an wanke su da toka suna ƙyalli. Kawunmu ya sayo wa Inna biyu, da kyakkyawar niyya.

Makon jiya na zo gida daga Damagaram, na tarar da Inna kwance a tsakar gida, gumi ya jiƙe ta, yawu na zuba, jikinta na karkarwa. Ina kiranta ba ta gane ni ba. A amalanke muka kai ta gidan likita, ina riƙe da kanta a cinyata, ina jin numfashinta na yankewa yana dawowa. Malamin likita bai tambayi komai ba sai, "A me take ajiye ruwan sha?" Nan na ji kamar Yaya ne ya yi magana.

Allah ya tashe ta. Amma ni har yau in na ɗaga moɗa sai na sansana.

Da Yaya na nan me zai ce? Ba na jin zai zagi Kawu, ko mai sayar da tano. Zai tambaya ne: wa ya kamata ya yi tambayar tun kafin kamyo ya taso? Abin da nake roƙon magabata ke nan. A kafa doka, kada wani aiki ya sauka ƙauye sai an duba inda ƙarshensa zai kwana, ƙasa ce, ruwa ne, ko cikin mutane. A kuma sa wani babba a sama da zai tabbatar an duba ɗin da gaske. Bai dace ran uwata ya rataya ga halin mutum guda ba, mutumin da ciwon kwana uku ya isa ya kawar.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Ya bar tambaya, ya bar gatari a bayan rumbu.

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ranar da muka dawo da ita, ta zauna a tabarma ta daɗe tana kallon tanonin nan biyu. Sai ta ce, "Hadiza, ɗauko gatarin yayanki."

Na huda na farko. Na biyun ta ce in ba ta, da kanta za ta yi.

Allah ya jiƙanka, Mushe Sai-ina.