Saniyar Inna da Injin Gurza

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ya san abu ɗaya sai ya ɗauka ya gama sanin duniya. Masinja ne a wani ofis a nan Fataskum, shi ke juya hannun injin gurza takarda, wanda ake ɗaura wa sitensil a zuba tawada ya yi ta amayo takardu. A nan ya koyi lokacin sayen tsohon inji.

"Ƙarshen Maris, 'yar Fulani," in ji shi. "Shekarar gwamnati ta ƙare, a sayo sababbi, tsofaffin a yi gwanjonsu da araha. Duk wanda ya saya kafin nan ko bayan nan, wawa ne."

Ni ma ina da abin da na sani. Maris tsakiyar bazara ce, ciyawa ta ƙone, shanu sun rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu. Ba mai kai dabba kasuwa a lokacin sai wanda wuya ta ci ƙarfinsa. Mu kuwa ba mu da abin sayarwa sai saniyar da Inna ta ba ni ranar da aka kawo ni, ja mai karyayyen ƙaho. Ga ta da ciki, ga ni da goyo ina shirin yaye, nononta nake jira.

Na ce, "Malam, ka bari ta haihu, ta ci damina."

Ya ce gwanjo ba ya jiran damina. Makarantu za su kawo masa takardun jarrabawa, masu biki su kawo na gayyata, kafin kaka ya mayar mini da biyu. Ya yi ta yi har na gaji na ɗaga kai. Ranar kasuwar shanu aka ja ta tana turjewa, wani mutumin Mamudo ya saye ta a wulaƙance. Ban fito rakiya ba.

A amalanke aka kawo injin, Malam yana biye da shi kamar mai rakiyar amarya. Ya goge, ya ɗaura sitensil, ya yi bisimilla ya juya. Takarda ta fito baƙa ƙirin. Ta biyu haka. Ya kwance cikin injin ya duba. Ashe al'ada ce, kafin a fitar da inji gwanjo, makaniken ofis ya cire duk abin kirki ya ajiye wa sauran injunan, ya cusa matattu. Kowa a ofishin ya sani, ban da mai juya hannun.

Ya aika Kano, ya aika Jos, aka ce irin wannan an daina kawo kayansa. Injin ya zauna a ƙuryar ɗaki ina kife ƙwarya a kai. Wallahi na tsane shi, na tsani ƙamshin tawadar, kuma har yau ban huce ba.

Da damina na yaye yarinyar, ta ƙi kunu, ta yi ta ramewa. Na tare wata mai tallar nono daga Mamudo. Tana auna mini tana yabon sa'arsu: wata saniya mijinta ya tsinta da bazara kamar kyauta, ta haifi mace, nono har ya ishi maƙwabta.

Na ce, "Ja ce? Ƙahonta ɗaya a karye?"

Ta ce, "Af, kin san ta?"

Na biya ta kuɗinta, na shiga na ba 'yata.