Gayyatar da Na Kai Ba Goro

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na kai wa Baba Bukar mai fito takarda ba. Zamanin Turawa ne, ina masinja a ofishin Di'o na Haɗeja. Ƙa'idar aikin ita ce ka miƙa takarda hannu da hannu, ka kuma faɗi abin da ke ciki da bakinka, don mutanenmu ba su karanta boko.

'Yar Di'o ce za ta cika shekara biyar, su kuwa Turawa biki suke yi wa irin wannan. Uwarta ta rubuta katin gayyata. Yarinyar ta kafe sai an gayyaci Baba Bukar, wanda ke haye da su kogi in an fita rangadi, yana ba ta gasasshen kifi. Aka rubuta nasa.

Babban masinja ya ja ni gefe, ya ce in sayi goro in haɗa, don a garin nan ba a gayyata hannu sake. Na ce a raina, ai takardar Bature ta fi goro. Lokacin kaina na hayaƙi, ga kaki ga jar dara.

Damina ce, kogi ya cika ya malale fadama. Na tarar Baba Bukar yana tsallake da fasinja, girman kai ya hana ni jira. Na yi sallama a gidansa, na miƙa wa matarsa takardar ta saman zana, na ce daga Di'o ce, ya zo jibi da la'asar. Na juya.

Ranar biki yarinya ta wuni tana leƙen ƙofa, bai zo ba. Washegari aka aike ni in dubo shi, na iske kwalekwalensa a ɗaure, gida ba kowa. Maƙwabcinsa ya ce da ni, "Ɗan nan, masinja ya kawo takardar Bature ba bayani, in ba sammaci ba mene ne? Ya kwashe iyalinsa, sun nufi danginsa a bakin tafkin Chadi."

Na ce wallahi biki ne aka gayyace shi.

Ya dube ni ya ce, "To ina goron?"

Fiton da ya gada wajen ubansa aka ba wani. Na yi ta aika masa saƙo ta bakin fatake, bai dawo ba. Abin yana cina har yau.

Ku da kuke aikin yanzu, ku sani takarda ba ta da baki, masinja ne bakinta. Tun daga ranar ban sake fita ba goro a aljihu ba, amma wanda ya kamata in ba, ko ɓari bai ci ba.