Yadda Na Rikita wa Jami'a Bincike da Kashin Kaji

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in riƙa neman hulata alhali tana bisa kai, akwai damina ɗaya da ba za ta fita ba. Ita ce daminar da ni, wanda ya yi sallama da boko a aji uku na firamare, na kusa tsayar da binciken jami'a cak, ba da alƙalami ba, da kashin kaji buhu biyu.

Gonata tana bakin hanyar da ta bi ta wajen Maska ta nufi Danja. Duk wanda ya noma masara a ƙasarmu ya san wuta-wuta, ciyawar nan mai fure kamar na ado, wadda ke kama saiwar shuka ta tsotse ta har ta tsumbure. Ta addabe mu shekara da shekaru. Ana nan sai ga wata malama daga jami'a a bayan ɗan acaɓa, da malafa da jakar takardu. Iyayenta mutanen kudu ne masu shagon yadi, amma a Funtuwa aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa tsabta. Ta ce tana gwajin wani sabon irin masara ne da ake zaton yana jure wa wuta-wuta, kuma a kansa za ta rubuta littafin digirinta.

Mai unguwa ya tara mu, ta karanta mana takarda cewa ba dole, wanda ya yarda ya dangwala. Ni na ce ba na dangwale, ni ɗan boko ne. Na karɓi biro na sa hannu, kafin in gama har an sauke shayi.

Tsarin nata mai sauƙi ne a baki. An raba gonar kowa gida biyu da turaku da igiya, ɓangare ɗaya sabon iri, ɗaya irinmu na gado. Taki mudu ɗaya, noma rana ɗaya, kuma ba a cire wuta-wuta sai ta zo ta ƙirga. Don kada a ce an zaɓa wa sabon irin wuri mai kyau, ta rubuta takarda biyu ta nannaɗe ta jefa cikin hulata, ta ce in zaro. Da hannuna na zaro. Irin kakana ya faɗo bakin hanya, na jami'a ya koma can baya inda sai birai ke gani.

"Baba, don Allah kada ka ƙara wa kowane ɓangare komai," in ji ta. "Ko ya yi muni ka bar shi. Munin nan shi nake nema."

Na ce, "'Yata, kin haɗu da abokin aiki. Ni ma na taɓa karatun kimiyya."

Wake muka taɓa shukawa a gwangwani, amma ban ga dalilin yin dogon bayani ba.

Da farko lafiya lau. Sai da masara ta kai gwiwa wuta-wuta ta ɓullo, irin kakana ya fara yin rawaya kamar mai shawara. To, ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda a al'ada bawana ne, amma bai taɓa yarda ba. Duk ranar kasuwar Danja sai ya bi ta nan a babur, ya kashe inji, ya tsaya yana girgiza kai.

"Farfesa aji uku! Wannan masara ce ko tsintsiya ka shuka? In faɗa a kasuwa a kawo maka sadaka?"

"Wuce, bawa. Wannan kimiyya ce, ba ta shiga kan mai tallan barkono."

Bakina ke nan kawai. Shekara hamsin ana nuna gonata da yatsa ana cewa ga manomi, yau an koma rage gudu ana dariya. Ranar da na ji wasu mata masu zuwa biki suna cewa, "Allah sarki, tsoho ya gaza," ranar haƙurina ya ƙare. Washegari da sassafe na ɗora kashin kaji a jaki, na bi kunya-kunya ina turbuɗewa a gindin kowace shuka ta bakin hanya. Wuta-wuta kuwa na riƙa tsince ta tun ba ta yi fure ba, ina barin 'yan kaɗan saboda malama ta samu abin ƙirgawa. A ganina har taimakonta nake yi.

Duk mako biyu takan zo da wani katako mai kusurwa huɗu kamar firam ɗin taga, ta jefa cikin gona, ta durƙusa ta ƙirga wuta-wutar da ta faɗo a ciki, ta auna tsawon kara. Sai ta dubi masarar bakin hanya da ta koma kore shar, ta dube ni.

"Baba, ka ƙara wani abu?"

"Addu'a, 'yata."

Ta rubuta wani abu a littafi. Har yau ban san me ta rubuta ba.

Da kaka aka ɗora a sikeli, irin kakana ya kayar da na jami'a. Ban bar kowa ya huta ba. A majalisa, a wurin suna, har a gidan gaisuwa sai na sako zancen.

Bayan 'yan makonni ta dawo, ta same ni a ƙofar gida, taubashina na nan yana cinye mini gyaɗa. Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini wasu ɗigo-ɗigo sun taru wuri ɗaya kamar tumaki a inuwa. Ta ce kowane ɗigo gonar mutum ɗaya ce, kuma duk sun nuna sabon iri ya fi. Can a gefe ga wani ɗigo shi kaɗai, ya yi gabas.

"Wannan kai ne, Baba."

Na gyara zama. Na ɗauka lambar yabo ce.

Ta ce, "Kai kaɗai ne mai jan ƙasa a cikin waɗanda na gwada. In dai komai daidai muka yi, to ma'anarsa irin nan ba ya yi a jan ƙasa. Dole in rubuta kada a kawo wa mutanen wannan gefen, sai an sake gwaji."

Na ce, "Yo ki goge ɗigon mana. Wa ya gani?"

"Ba a goge ɗigo don ya ɓata wa mutum rai, Baba. Sai da dalili."

Nan na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Rabin ƙauyenmu jan ƙasa ne. Na tuna maƙwabtana da wuta-wuta ke kora daga gonakinsu na gado, ga magani ya zo har ƙofa, ni zan kore shi don kada matan biki su ce na gaza. Na dubi taubashina, na san in na buɗe baki, na ba shi abin cin kasuwa har ƙarshen rayuwata. Na cire hula na shafa kai.

"'Yata, addu'ar nan da na ce miki... buhu biyu ce. A jaki na kai ta."

Ta kife kai a kan kwamfuta, kafaɗunta na rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake da ta ɗago da hawaye. Taubashina kuwa har da faɗuwa daga benci, yana buga ƙasa yana cewa, "Farfesan kashin kaji!"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaro littafi ta tambaye ni rana, da yawan takin, da sau nawa na tsinci ciyawar, ta rubuta tsaf. Ta ce za ta ware gonata daga lissafin, ta kuma bayyana dalili, ba tare da sunana ba. Sannan ta ce ita ma da laifinta, ta auna ƙasa da ruwa da kara, ta manta ba ta auna kunyar manomi ba. Da damina ta zagayo aka sake gwajin jan ƙasa a gonaki da dama, duk nesa da hanya, kuma ni ta sa in yi wa manoma gargaɗi, tunda na fi kowa sanin ta inda ɓarnar ke shiga. Irin ya yi. Shi ke gonata yanzu.

Abin da na koya shi ne, abin da ka rufe muninsa ba a samo masa magani. Na yi shekara hamsin ina gyara gefen da mutane ke gani, sai da yarinya sa'ar jikata ta nuna mini cewa wani lokaci gaskiya ita ce ka bar gonarka ta yi rawaya a bakin hanya, ka daure.

Sunan dai ya bi ni. Ko jiya a kasuwar Danja wani ya ƙwala mini shi daga nesa, na kuwa amsa. Farfesa dai farfesa ne, ba a tambayar fanni.