Gadon da Muka Ba Baƙo

Ƙanena dogo ne, irin tsawon da ke sa mutane su juyo su sake kallo a cikin bas. Auta muke ce masa don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma ni na goya shi a Kaduna har ya fi ƙarfin zani. Ƙwallon kwando ce ta kawo shi London. Wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi, ita ta nema masa biza, ita ta tsaya masa a takarda. Wato zamansa a ƙasar nan a hannunsu yake, ranar da suka ce ba sa yi da shi, ranar za a fara ƙirga masa kwanakin tafiya. Na san da haka, shi ma ya sani. Amma yana cikin shekararsa ta uku da su, duk mun saki jiki.

A flat ɗinmu na Peckham yake zaune, da ni da maigidana da yaranmu biyu. Watanninsa na farko ƙafafunsa a waje suke kwana, don babu gadon da ya ɗauke shi. Na zagaya shaguna har na gaji, daga ƙarshe na samu wani kafinta a bayan Old Kent Road ya ƙera mana gado na musamman, katifar ma sai da aka yi oda. Lif ya ƙi ɗaukar katakon, a kafaɗa aka hau da shi hawa huɗu. Da aka haɗa shi ya cinye ɗakin, ƙofa ma ba ta buɗewa gaba ɗaya. Amma tun daga ranar Auta ya daina tashi yana dafe da ƙugu, kuma ni ina alfahari da gadon nan fiye da duk wani abu da na taɓa saya a ƙasar nan.

Ban san komai game da wasan ba sai abin da ya koya mini. Shi aikinsa a ƙarƙashin kwando ne, ya tare, ya ture, ya cafke ƙwallon da ta ƙi shiga. A shekararsa ta biyu suka sallami wani abokin wasansa ana tsakiyar kaka, na ce masa wannan ai rashin imani ne. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, haka ake gina team. Ana fara season da waɗanda aka samu. In an kai tsakiya aka ga akwai hope na kofi, sai a duba inda ake yoyo, a nemo wanda zai toshe. Kuma akwai iyakar 'yan waje da za a yi wa register. In ɗaya ya shigo, dole ɗaya ya fita." Na gyaɗa kai na ci gaba da yanka albasa, har da cewa ashe abin da lissafi. Ɗan wata ne aka kora a lokacin, shi ya sa lissafin ya shige ni.

A shekara ta uku suka fara da kyau. Zuwa bayan Kirsimeti suna kusa da saman teburi, har mutanen da ba su taɓa gaishe ni a titin Rye Lane ba suka fara tsayar da ni suna tambayar dogon ƙanena. Ana cikin haka manajan ƙungiyar ya kira Auta. Wai sun kawo wani Ba'amurke gwaji, gidajen da suke sauke 'yan wasa sun cika, ko iyalinsa za su taimaka su riƙe shi sati biyu? Ya ji labarin muna da karamci, in ji shi. Mutumin nan mai siririyar murya, kullum da murmushi kamar mai tallar inshora, ya san gidan da ya zaɓa. Auta ya faɗa mini yana kallon ƙasa, ni kuwa ko bari ya ƙarasa ban yi ba na ce a kawo shi.

Mu a gidanmu ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. A ba shi ruwa, a ba shi abinci, a nuna masa makwanci, in ya ga dama ya faɗa da kansa. Hajiyarmu ta taɓa marina don na tambayi wata baƙuwa yaushe za ta tafi, ina 'yar shekara tara. Da wannan tarbiyyar na buɗe ƙofa na ga mutum ya sunkuyo kafin ya shigo, yadda Auta yake yi, har ma ya ɗara shi kaɗan. Ko yaron goye ya ga tsawon nan ya san inda za a tsayar da mai shi a fili. Ni abin da na gani kawai shi ne, gado ɗaya ne a gidan zai ɗauke shi.

Na ce, "Auta, kwashe kayanka ka koma falo."

Ya ce, "Yaya, akwai airbed a store."

Na ce, "Baƙo a ƙasa, ɗan gida a kan gado? A ina ka taɓa gani? Ka zo London ka zubar da tarbiyya?"

Ya kwashe kayansa ya koma falo. Katifar iskan ta sace a kwana na biyu, ya koma doguwar kujera, muka kara masa kujerar cin abinci ya ɗora ƙafa. Haka mutum mai sana'a da jikinsa ya riƙa kwana a lanƙwashe kamar lauje, a falon ’yar’uwarsa, da umarninta.

Baƙon kuwa ya samu gida. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da fara'a, yana ce mini “ma'am”, yana wanke kwanonsa. Amma ci! Tuwon shinkafa malmala huɗu yake tashi da shi, ya lashe miyar taushe, ya tambayi ko akwai saura. Yajin da aka aiko mini daga gida, wanda nake ɓoye wa yarana, a sati ɗaya ya ga bayansa. Kullum da safe in cika masa kula da dambun shinkafa ko wake da shinkafa ya tafi da ita wurin atisaye. Har na koya masa cewa mu ba a mayar da kwano wofi, ya yi ta mamaki, ya riƙa jefa mini ’yar alewa ko lemo a ciki in zai dawo da ita. Ina jin daɗi, ina ba ƙawayena labari a waya. Da yamma su zauna a teburina, Auta ya jera cokula da murafen kwalba yana nuna masa dabarun ƙungiyar, inda zai tsaya, lokacin da zai juya, alamar da koci ke yi da hannu. Duk abin da ya kwashe shekara uku yana koya, a kan ledar teburina ya juye wa mutumin nan.

Sati biyu ya zama biyar, ba wanda ya ce uffan, don ba a tambaya. Na lura Auta ya koma dafe ƙugu in zai miƙe, na ba shi man zafi na ce sanyin garin ne. Na je kallon wasa ɗaya a cikin makonnin, na ga ana rigan shi tsalle, na ga koci ya zaunar da shi a benci ya sa baƙona. Da baƙon ya zura ƙwallo har na miƙe ina tafi, ina gaya wa Baturiyar da ke gefena cewa a gidana yake zaune. Duk lokacin da na tuna tafin nan sai in ji kamar in ciji hannuna.

Ranar wata Talata da azahar Auta ya dawo da jakarsa da takalmansa duka a hannu. Ya zauna a kujerar da yake kwana ya ce, "Yaya, an yi releasing ɗina."

Na ce, "An yi me?"

"Sun sallame ni. Sun yi signing ɗinsa. Wurina ne dama."

Na tsaya da ludayi a hannu. Na ce, "Ka sani?"

"Tun da na ga tsawonsa a bakin ƙofa."

"Shi ne ka yi mini shiru? Ka bar ni ina ɗura masa tuwo?"

Ya ɗago ya dube ni, ba faɗa a idonsa, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce, "In ce miki me? In ce a tashi baƙo daga gado? Ke da kanki za ki kira Hajiya ki ce na lalace."

Ko mayafi ban daidaita ba na fita na hau bas. A zauren atisayen na tarar da manajan a ɗan ofishinsa, ya miƙe da murmushin nan nasa yana tambaya ko zan sha shayi. Na ce ban zo shan shayi ba. Ya juyo mini da kwamfutarsa, ga layuka ja da kore, wai wannan tsallen ƙanena ne, wannan gudunsa, wannan ƙwallayen da ya cafke. Ya bi jan layin da biro ya ce sun so su riƙe shi, sun ba su dama iri ɗaya su biyun, amma a makonni biyar ɗin nan ƙanena ya yi ƙasa sosai, ba su san dalili ba. Ni na san dalili, har na san launin kujerar.

Na ce masa, "Lokacin da ka turo mutumin nan gidana, ka san wurin ƙanena ya zo nema?"

Ya ce ai kowa a harkar ya san haka, ba wani sirri ba ne, ana neman kofi ne. Sannan ya buɗe hannuwa ya ce, "Da kin tambaya, da na gaya miki."

Na zage shi da Hausa, zagin da ban san na iya ba, shi kuma yana ta gyaɗa kai yana cewa ya fahimci yadda nake ji. Bai fahimci komai ba. Na tsane shi a ranar, kuma har yau ban rage ko ƙwayar gero ba. Amma a bas ɗin komawa maganarsa ce ta riƙa yi mini amsa-kuwwa, don gaskiya ya faɗa, ban tambaya ba.

Na iso gida da niyyar watsa wa baƙon kayansa ta taga. Na tarar ya riga ya haɗa jaka, ƙungiya ta samo masa gida, ashe gidajen ba su cika cikar da aka ce ba. Auta ne ma ya ɗaukar masa babbar jakar zuwa ƙasa. Baƙon ya tsaya a bakin kicin yana cewa ya gode, bai so abin ya zama haka ba, sana'a ce. Ban dube shi ba. Amma da na ga zai fita a lokacin cin abinci, hannuna da kansa ya jawo kula ya cika ta, na tura masa. Wannan ma ban yafe wa kaina ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Lokacin rajistar sababbin 'yan wasa ya kusa rufewa, sauran ƙungiyoyin duk sun cike guraben 'yan waje, kuma wa zai ɗauki mai ciwon baya? Maigidana ya nemo wata lauya a Croydon, muka je muka zauna, ta karanta takardun ta ce in babu ƙungiyar da za ta tsaya masa, babu abin da za ta iya. Wasiƙar hukuma ta zo da ranar da zai bar ƙasa. Ya koma kan gadonsa ya yi kwanakin da suka rage, bayan nasa ma ya warware, a lokacin da ba shi da sauran amfani. Muka raka shi filin jirgi, ƙaramar 'yata ta riƙe ƙafarsa tana kuka tana cewa, "Kawu, don't go."

Ƙungiyar kuwa ta kai wasan ƙarshe, lissafinsu ya fita. Ana saura kwana uku a buga wasan na dawo daga cefane na tarar da kulata a bakin ƙofa, an wanke ta fes. Na buɗe, sai ga tikiti huɗu na wasan a ciki, kujerun gaba. Baƙon bai mayar da kwano wofi ba, ya riƙe karatun da na yi masa. Na yayyaga su a tsaye a wurin, na zuba a shara, na bi su da kular.

A ranar na kira Hajiya. Tun da Auta ya koma ban iya gaya mata yadda aka yi ba, shi ma na san bai faɗa ba. Na kwashe komai na faɗa mata, da manajan, da gadon, da kujerar falo, da jan layin nan. Ina magana ina kuka, ina jira ta zage ni, don zagin nake nema. Ina jin motsin Auta a kusa da ita, yana tambayar ko a kawo mata ruwa. Da na gama, sai ta ce, "To. Amma dai baƙon bai tafi yana kuka da ku ba ko?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ya tafi yana godiya."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kin kyauta, Allah ya yi miki albarka."

Shekarata arba'in da huɗu a lokacin, ban taɓa kashe wa mahaifiyata waya tana magana ba sai ranar.