Butar da Na Cika wa Malam

Daga Gida zuwa Kiyawa

Ranar Litinin, ƙarfe biyar da rabi, muna sallame Asuba muka ɗora Malam a kan babur. Malam mahaifina ne, tun kafin a haife ni yake karantar da fiƙihu a zauren gidanmu. Wata biyu ke nan da ƙafarsa ta hagu ta nutse cikin rushin kara a gona. Ciwon suga ya hana shi jin zafin da wuri, har fatar ta saɓule. An shafa zuma, an yi tofi, gyambo sai faɗi yake yi.

Na zauna a baya ina tallafe da ƙafar. "Malam, a riƙe sosai, akwai yashi a gaba," in ji mai babur. Cikin minti arba'in muka iso tashar Kiyawa.

Kiyawa zuwa Dutse

Direba ya ba Malam gidan gaba, amma bas ba ta cika ba sai bakwai da rabi. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo, warin ciwon ya buge shi, ya ja da baya. "Allah ya ba da lafiya, Baba. Ku wuce." Takwas da kwata muna ƙofar asibiti.

Dutse

Mako guda ana wankin ciwo ana jiran suga ya sauka. Ni tabarma na shimfiɗa a baranda tare da sauran masu jinya, koko da ƙosai da safe, rana kuwa abin da ya samu.

Ranar da za a yi tiyata likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Zai yanko fata siririya daga cinyar Malam ya dasa a kan gyambon. "Kwana biyar ba za mu buɗe ba. Kada ruwa ya taɓa, ko ɗigo. Idan ta ƙi kamawa, ƙafar ce a cikin haɗari. Malam, ai kun fi ni sanin hukuncin shafa a kan bandeji."

"Mun karantar da shi," in ji Malam.

Gaskiya ya faɗa. Ni kaina a gabansa na haddace wannan babin. Shi ya sa duk lokacin salla nake cika masa buta, in ajiye roba a gindin gado, in ja labule, in tafi masallaci hankalina kwance. Na ga ruwan yana ƙarewa tas, na ce zafin gari ne.

Rana ta biyar, ƙarfe goma, aka kwance bandeji. Fatar ta yi baƙi, ta biyo audugar kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Likita bai yi faɗa ba, ya dai tambaya, "Wa ya zuba ruwa?"

Malam ya amsa masa yana kallon silin. "Kaɗan nake zurarawa ta sama. Ɗana, ban taɓa tsayawa gaban Ubangijina da busasshiyar ƙafa ba. Zuciyata ce ta ƙi."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wa zan yi wa faɗa? Sauƙin da ya koya wa gari guda, ya hana kansa. Ni kuma mai cika buta ina da nawa kason.

An yi mako biyu ana allurai. Ruɓar ta riga ta kai ƙashi. Ranar wata Laraba ni na sa hannu a takarda, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Komawa Gida

Mun bar Dutse sha ɗaya na safe a motar da muka ɗauka shata, sanduna biyu a kan cinyata. A shingen nan aka ɗaga mana hannu kawai. Ƙarfe ɗaya muka tarar da zaure cike da masu sannu.

Da aka kira Azahar ya ce in kawo buta. Ya wanke fuska da hannaye, ya shafi kai, ya wanke ƙafar dama har idon sawu. Sannan ya karkata bakin butar zuwa hagu, kamar kullum. Ruwan ya zuba a ƙasa, muna kallo.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu, mun gode wa likitoci da duk wanda ya tako. Malam yana salla a zaune, kuma har yau ni ke cika masa butar.